Tafiyata gefen tafkin Eyasi, inda ake fidda wuta daga itace

Wani taron aiki ne ya kai mu Arusha a ƙasar Tanzaniya, daga Kano muka bi ta Addis Ababa muka sauka filin jirgin Kilimanjaro. Da aka tashi taro kowa sai maganar zuwa kallon namun daji a Ngorongoro ko Serengeti yake, ni kuma abun da ke raina daban ne, na daɗe ina jin labarin mutanen Hadza da ke zaune gefen tafkin Eyasi, waɗanda har gobe wasunsu ba noma ba kiwo, farauta da zuma da saiwoyin daji ne abincinsu, kuma wai suna kunna wuta ba ashana ba laita. Allah Ya haɗa ni da abokin tafiya, wani dattijo ɗan Damagaram da mukai taron tare, yana jin inda za ni ya ce ai ƙafata ƙafarka.

Daga Arusha zuwa Karatu kwalta ce lafiya lau, wajen kilomita 140, ka wuce Makuyuni ka wuce Mto wa Mbu sai hanya ta fara hawa tsauni kana hango tafkin Manyara can ƙasa. A Karatu muka kwana. Tun kafin asuba direba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa don su Hadza da sassafe suke fita farauta, in ka makara sai dai ka tarar da mata da yara. Daga nan kuma ba sauran kwalta, jar ƙasa ce da duwatsu da kwazazzabai kusan awa biyu mota na jijjiga mu, a bakin hanya muka tsaya mukai sallah. Gari na wayewa muka shiga Mang'ola, abun da ya fara ban mamaki gonakin albasa ne ko ta ina, ana ban ruwa daga idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa a wajen, buhuna jibge ana lodi a manyan motoci. A nan muka ɗauki tafinta saboda yaren Hadza ba shi da dangi da Suwahili, akwai wasu sautuka da ake ƙyasta harshe a ciki waɗanda bakina ya kasa kamawa.

Mun same su a gindin wani dutse kusa da wata ƙatuwar kuka, maza biyar ko shida da karnukansu, suna gyaran kibau. Bukkokin ciyawa ne 'yan ƙanana can gefe. Tafinta ya ce duka Hadza ɗin ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗarurruwa ba, masu rayuwar daji zalla kuwa 'yan ɗarurruwa ne kawai. Muka bi su cikin daji, kuma gaskiya tafiyarsu ba irin tamu ba ce, sauri suke ba ƙarar ƙafa, mu kuwa ƙaya sai kama mana riga take. Can wani saurayi ya harbo tsuntsu, aka tsaya, to a nan ne na ga abun da ya kawo ni.

Bai fara da murza komai ba. Sai da ya zagaya yana duba itatuwa, ya ƙwanƙwasa wannan reshe ya bari, ya karya wancan ya sansana ya yar, har ya samu wani busasshen reshe da ya mutu a jikin bishiya bai taɓa ƙasa ba, don wanda ya kwanta a ƙasa ya sha raɓa ko gara ta ci shi. Baba, dattijon nan abokin tafiyata, na ganin bishiyar ya ce "Kai ɗana, wannan ai dashi ne, irin wanda muke shinge da shi a gida." Na duba da kyau wallahi shi ne, ɓawon nan mai saɓulewa da ƙamshin ƙaro. Itacensa ba nauyi kuma yana da taushi, abun da ake so kenan. Saurayin ya fere shi da wuƙa ya yi faɗi ta sama da ƙasa, kaurinsa bai fi yatsa ba, ya ɗan ƙwaƙule rami kusa da gefe, sannan ya yi wata 'yar tsaga daga ramin zuwa baki. Ya kwantar da wuƙar a ƙasa ya ɗora itacen a kan ruwanta, ya taka da ƙafa. Ɗaya sandan kuwa tare da kibansa yake yawo da shi, dogo siriri miƙaƙƙe sumul, bakinsa duk ya yi baƙi saboda aiki.

Ya sa bakin sandan a ramin ya kama shi tsakanin tafukansa ya fara murzawa, kaman yadda mata ke burga miyar kuka da maburgi, sai dai shi yana dannawa ƙasa da ƙarfi, hannuwan na gangarowa in sun kai ƙasa sai ya yi wuf ya koma sama kafin wajen ya huce. Da farko a hankali yake, sai ƙara ƙiiƙii kawai. Sai wani gari ya fara zubowa ta tsagar nan yana taruwa a kan wuƙa, ja-ja da farko, can ya koma baƙi-baƙi, hayaƙi ya fara tashi. Nan ya ƙara wuta, kafaɗunsa na rawa zufa na ɗiga daga haɓarsa, kuma na lura yana kawar da kai don kar zufar ta faɗa kan garin. Sai ya tsaya cak. Ya ɗage sandan amma hayaƙin bai tsaya ba, daga cikin garin yake fitowa shi kaɗai. Ya ɗan fifita da hannu sai ga jan ido ɗan mitsitsi. Ya ɗauki wuƙar a hankali ya juye a cikin busasshiyar ciyawa da ya riga ya murtsuke ta yi laushi, ya dunƙule ya ɗaga sama yana hurawa sannu sannu, hayaƙin ya yi kauri ya yi fari sai fuuu wuta ta kama. Murzar gaba ɗaya ba ta kai minti ɗaya ba, neman itacen da ferewa su suka ci lokaci.

Na roƙa a bar ni in taɓa. Ya nuna min mu yi karɓa-karɓa, in hannuna ya kai ƙasa shi ya cafe daga sama, haka suke yi in itacen ya yi gardama. Mun samu garwashi, tafukana kuma sun yi bororo, nasa da na taɓa kanta ce zalla. Abun da na fahimta a wajen shi ne tsagar nan ita ce komai, ita ke tara garin wuri ɗaya ta bar iska ta shiga, in babu ita zafin watsewa yake ko ka kwana kana murza. Kuma in garin ya fito fari ko da gurza-gurza to itacen bai bushe ba ko dannawar ta yi kaɗan, launin garin suke karantawa.

Suka babbake tsuntsun, mu muka ce mun gode tunda ba yanka aka yi ba, suka ba mu 'ya'yan kuka muka tsotsa. Tafinta ya ce babban amfanin wutar a daji wajen cin zuma ne, akwai wani tsuntsu da ke jan su har bishiyar da zuma take, in sun isa nan take za su murza wuta su yi hayaƙi su kafa turaku a jikin kuka su hau. Dafin kibansu ma daga kariya suke dafa shi, kariyar nan mai jan fure da muke gani a tsakar gida.

Baba ya zauna kan dutse yana ba ni labarin kakansa, ya ce shi ƙyastu yake ɗaurawa a ƙugu cikin 'yar jakar fata, ƙarfe da ƙanƙara da audugar rimi, ya ce yau ka zagaye unguwarsu da wuya ka samu yaron da ya taɓa ganin ƙyastu da idonsa. Maganar ta tsaya min a rai sosai.

Ba zan ɓoye ba, ƙungiyar da muka ziyarta ta saba da baƙi, ana biyan kuɗi kafin a kai ka, kuma sun san ashana sarai. Amma hannun da na gani ba na wasan kwaikwayo ba ne. Abun da ya fi damuna dajin ne, gonakin albasa na ta matsowa, shanun makiyaya na cinye ciyawa, masu gawayi na sare itace, namun na ƙara nisa. A 2011 gwamnati ta ba Hadza na kwarin Yaeda takardar mallakar wani yanki na ƙasarsu, amma su na gefen Mang'ola a matse suke, wanda duk ya bi hanyar da muka bi zai gani da idonsa.

A hanyar dawowa muka biya wajen maƙeran ƙabilar Datoga, maƙwabtan Hadza, su ke ƙera wa Hadza kan kibiya da tsofaffin ƙusoshi a musanya musu da zuma. Baba ya karɓi zugazugin fatar ya yi ta zuga musu yana dariya, ya ce sak na maƙeran garinsu. La'asar sakaliya muka iso Karatu jajaye wur da ƙura, direba ya tsaya a wani kemis na sai man shafawa saboda hannuna.