Mary Rose, jirgin da ragarsa ta rufe da mutanensa

Wallahi tun da na karanta labarin jirgin yaƙin nan na Ingila, Mary Rose, abin ya ƙi barin raina. Sarki Henry na 8 ne ya sa aka ƙera shi a Portsmouth, aka saka shi a ruwa a 1511, jirgin katako ne ba inji ba komai, iska ce kawai ke tura manyan ƙyallayen da aka ɗaura masa. Ya fi shekara 30 yana fafatawa, yawanci da Faransa, a wajen 1536 kuma aka yi masa kwaskwarima aka ƙara masa nauyi da manyan bindigogi.

To ranar 19 ga Yuli 1545 jiragen Faransa suka shigo mashigin Solent, Mary Rose ya fita tarbarsu, sarki na tsaye a gaɓa wajen Southsea yana kallo da idonsa. Wani da ya tsira ya ce jirgin ya zo juyawa ne iska ta kwantar da shi gefe guda, ga tagogin bindiga na ƙasa a buɗe ba a rufe ba, ruwa ya dinga kwarara ciki, kafin ka ce kwabo ya nutse.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ragar. An shimfiɗa raga a saman jirgin don kar abokan gaba su diro ciki, sai ga shi ita ce ta hana mutanen ciki fita, ka yi tunanin mutum ya taso daga ƙasa da gudu yana ganin sama ta cikin raga amma ba hanya. Mutum sama da 400 ne a ciki, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba, shi ma kwamandan jirgin, Sir George Carew, ya mutu a ciki.

Laka ce ta adana gefe guda na jirgin har aka gano shi a 1971, aka ɗago shi ranar 11 ga Oktoba 1982, yanzu yana gidan tarihi a Portsmouth. An tsamo kaya kusan 19,000, bakuna da kibau, takalma, kwanukan cin abinci, har da matazan katako da ƙwan kwarkwata ke maƙale a haƙoransu. Akwai kuma ƙasusuwan wani ɗan kare da aka samu a bakin ƙofar ɗakin kafinta, shi ma bai samu fita ba.