Bari Babanku Ya Dawo

Shagon ɗinkina a soron gidanmu yake, nan Gwammaja, kuma da wuya mace ta zo awo ko karɓar kaya ba da goyo ko yaro a hannu ba. Ba tare da na nema ba, na zama mai sauraron yadda matan Kano ke magana da 'ya'yansu. "Ka sake taɓa almakashin nan, Anti za ta yanke maka kunne." Ni ce Antin fa. "Ga dodo can bayan labule." "Zan kai ka a yi maka allura." "Wallahi muka koma gida sai na karya ka." Sai kuma babbarsu duka: "Bari Babanku ya dawo." Yaron zai ɗago ya dubi fuskar uwar, ya auna, ya ci gaba da abin da yake yi.

Uwar za ta ce mini, "Kin gani ko, ba ya jin magana." Ni kuwa gani nake ya ji sarai. Ya daɗe da gano cewa kunnensa na nan lafiya, dodo bai taɓa fitowa ba, kuma kafin a kai gida an manta da batun karyawa. Sai wata rana, uwar ta kwaso gajiya, an ɗauke wuta, tuwo ya kama, yaron ya zubar da kofin ruwa kawai, duka ya sauka a kansa ba gargaɗi. Jiya ya yi abin da ya fi wannan an ƙyale shi. To me ya koya? Ya koyi karanta fuskar Umma, ya san ranar da ake wasa da ranar da ake ɓuya. Dokar gidan kuwa har yau bai san ta ba, don babu ita.

Alkawarin ƙarya ma haka yake, shi ne dai ya fi daɗin ji. "Yi shiru, zan sayo maka alawa." Za a tafi biki, a ce da yaro asibiti za a je, yanzu za a dawo. Abu Dawud ya ruwaito labarin Abdullahi bin Amir yana ƙarami: mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce mata da a ce ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Duk lokacin da na tuna hadisin nan sai in tuna alawar da yaran unguwarmu ke bin iyayensu bashi.

Ni a gidana doka ɗaya na riƙe da ƙarfi, sauran duk daga gare ta suka fito: ba na faɗar abin da ba zan aikata ba, na daɗi ko na horo. Wannan ya sa dole in rage magana, don kafin in buɗe baki sai na tambayi kaina ko zan iya cikawa. Na tsakiyana, mai shekara 7, ƙwallo ce rayuwarsa, kuma tsakar gidanmu ba ta da faɗi, ga kurfoti da garwashi a gefe. Ba na ɗaga murya daga kan keke. Nakan tashi in je inda yake, in durƙusa daidai tsawonsa, in ce, "In ƙwallon nan ta sake zuwa wajen wuta, zan ɗauke ta sai gobe." Ta sake zuwa, na ɗauke. Ya yi kuka, ya yi birgima, ya kai ƙara wajen kakarsa Hajiya. Ban zage shi ba, ban kuma mayar ba. Washegari da safe na miƙa masa abarsa kamar yadda na ce, ba tare da na sake tayar da zancen ba. Wannan mayarwar tana da muhimmanci kamar ɗaukewar, don ita ke nuna masa maganata gaskiya ce ta kowane ɓangare.

Ina kuma ƙoƙarin horon ya yi kama da laifin. Wanda ya zubar da koko, tsumma zan miƙa masa. Wanda ya yar da fensir saboda wasa, daga kuɗin tararsa za a sayi wani. Waɗanda suka yi faɗa a kan waya, wayar ta koma jakata, ba na zaman shari'ar wa ya fara. Yaro yana gane alaƙar kokon da ya zube da tsumma. Alaƙar koko da mari kuwa, fushin Umma kaɗai yake gani a ciki.

Maganar "bari Babanku ya dawo" ita ce na fi ƙi, kuma maigidana ya fi ni ƙin ta. Mutum ya yini a rumfa a Kantin Kwari, ya sha cunkoso a hanya, ya shigo bayan isha'i yana son yaransa su rugo su tare shi, sai a tarbe shi da jerin ƙararraki. Yaro mai shekara 4 ya ma manta abin da ya yi da hantsi. Uban ya zama abin tsoro, uwar kuma ta sanar da yaranta da bakinta cewa ita ba ta isa ba. Abin da ya faru a gabana, ni nake gamawa da shi a lokacin. In babba ne, kamar ɗauke-ɗauke ko ƙarya mai nauyi, mukan tattauna ni da shi bayan yara sun kwanta, mu fito da murya ɗaya.

Surukata, Hajiya, ba ta yarda da ni ba, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce, "Ke 'yar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da aka doka, ga mu nan, me ya same mu?" Ba na musu da ita, uwa ce. Kuma tana da gaskiyarta: a zamaninsu ɗa na kowa ne, duk dattijon da ya ga yaro a kan kuskure zai tsawatar, in an dake shi kuma akwai ɗakin kaka da zai faɗa a rarrashe shi, ga tatsuniya da daddare. Yanzu da yawanmu gidan haya muke, kowa ya kulle ƙofarsa, maƙwabci yana tsoron yi wa ɗanka faɗa. Bulalar ce kaɗai ta rage daga cikin wancan tsari, sauran sun tafi. Nakan dai ce mata a hankali, "Hajiya, ai tanƙwarawar nake yi, ina tsoron karyawa ne." Sai ta yi tsaki ta ce boko ya lalata mu, ta kuma ciro goriba ta ba wanda na hora.

Masu bincike sun daɗe a kan batun nan. A 2016 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken kusan shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000. Ba su samu cewa duka yana sa yaro ya fi biyayya ba. Abin da suka samu shi ne yaran da ake duka sun fi nuna faɗa, bijirewa da damuwar zuciya. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar duka da kuma kunyata yaro da baƙar magana. Suwidin kuwa tun 1979 ta hana shi a doka. Na san abin da za a ce, waɗannan Turawa ne, tarbiyyarsu daban. To mu dawo gida.

Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Hadisin da kowa ke kawowa shi ne na salla: a umarci yara da ita suna da shekara 7, a doke su a kanta suna da 10. Ban isa in ture hadisi ba. Amma a duba tazarar. Shekara 3 cur ana tunatarwa sau 5 a rana, sama da sau 5,000 ke nan, kafin a zo maganar duka, kuma a kan salla, ginshiƙin addini. Malamai ma sun gindaya sharaɗi, ban da fuska, ban da wanda zai yi rauni. Ina wannan, ina zabga wa ɗan shekara 3 wayar caja don ya yi fitsarin kwance?

Akwai kuma labarin Umar bin Abi Salama, da hannunsa ke yawo cikin akushi. Abin da Manzon Allah (SAW) ya ce masa gajere ne: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. An gaya masa abin da zai yi. Mu kuwa "bari", "daina", "kai", "ke" sun fi yawa a bakinmu, yaro ya daina wannan ya rasa na kamawa, ya koma kan wanda aka hana. Autata in ta dami kayan ɗinkina, nakan ba ta ƙyallaye da gwangwanin maɓallai manya in ce ta ware mini ja daban, shuɗi daban. Takan yi shiru har in gama haɗa riga.

Wani abin da muke kira rashin ji, yunwa ce ko barci. Likitoci sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A lissafa yaron Kano a watan Afrilu: zafi ya haura digiri 40, babu wuta, bai runtsa da wuri ba, an tashe shi da asuba, ya tafi boko, ya dawo ya watsa ruwa ya wuce Islamiyya har kusan magariba, ga aikin gida yana jira. Babba ma a wannan hali ƙiris yake jira. In na ga rigima ta yi yawa da yamma, kafin in nemi mai laifi nakan fara zuba abinci.

Yabo yana mana wuya, kunya ta hana, musamman ga ɗan fari da wasunmu ko sunansa ba ma kamawa. Amma muna da abin da ya fi kowane yabo, sa albarka. Ni dai nakan haɗa ta da abin da aka yi: "Na ga kin wanke wa ƙanwarki hannu ban sa ki ba, Allah ya yi miki albarka." Babbar tawa, mai shekara 12, sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, gobe kuma ta sake yi. Ita yanzu ba na mata faɗa gaban ƙannenta ko gaban masu kawo ɗinki, ɗaki nake kiranta. Zagi da mugun baki kuwa, "ɗan banza", "Allah wadaranka", hadisi a Sahihu Muslim ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Mu da muka yarda bakin uwa yana kama ɗa, ban san yadda muke sakinsa haka a kan kofin ruwa ba.

Inda ikona bai kai ba shi ne makaranta. Na tsakiyan ya taɓa dawowa daga Islamiyya da shatar bulala a baya saboda hadda ta kakare masa, ya kwana biyu yana cewa cikinsa na ciwo in lokacin tafiya ya yi. Ban je na yi hayaniya ba, malamin yana fama da aji cike da yara a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babansu ne ya je bayan la'asar, ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, in hadda ce ta gagara, a rubuto mana a littafinsa, mu za mu zauna da shi a gida." Malam ya amince da wannan, amma ya ce in yaron ya yi dambe a aji ba zai jira littafi ba. Ba haka muka so ba, mun dai karɓa. Yanzu bayan magariba Babansu ko ni muna karɓar haddar aya 3 zuwa 5 kafin a ci tuwo, ranar Alhamis da Juma'a kuma da babu makaranta a maimaita na mako.