"Ai haka take tun da na saye ta"

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kawo zuwa Zariya, in Allah ya ba shi kujerar gaba, ya ɗan leƙa allon da ke gaban direba. Sau da yawa zai tarar da wata fitila mai ruwan lemo a kunne, wani lokacin biyu ko uku, allurar gudu kuwa tana kwance a kan sifili alhali mota na sheƙa gudu. Wani direban ya manne fitilar da baƙin tef, wani ya jingina katin ɗaurin aure a kanta. In ka yi magana amsar ɗaya ce: "Ai haka take tun da na saye ta." Mu masu motocin gida ma kanwar ja ce, sai dai namu allon ya fi tsabta.

Ina zargin abin ya samo asali ne daga motocin da muka buɗe ido muka gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne, kuma Peugeot 504 ya fi daɗewa yana tuƙawa, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, nan Kaduna. Allonta bai da wani tarkace: allurar gudu, ta mai, ta zafin inji, sai 'yan fitilu ƙalilan. Da kunne da hanci Baba yake sanin lafiyarta. Amma fa kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, sannan ya leƙa ruwan lagireto tun inji na da sanyi. Mun gaji yarda da kunnen, mun bar duban asubar. Ga shi kuma motocin Kwatano da muke hawa yanzu kwamfuta ce ke juya su, yawancin matsalolinsu ba sa ƙara sai sun yi nisa. Fitilun nan su kaɗai ne hanyar da za ta sanar da kai da wuri.

Launi ne farkon abin lura. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, sigina na aiki ko ka kunna doguwar fitila. Ruwan lemo na nufin a kai ta a duba ba da daɗewa ba. Ja kuwa tsayawa ake yi.

A cikin jajayen, wadda na fi tsoro ita ce mai kama da 'yar buta tana ɗiga. Mutane na ɗauka cewa take yi mai ya ɗan ragu, a ƙara in an isa gida. Abin da take nunawa shi ne ƙarfin da ke tura baƙin mai cikin sassan inji ya faɗi, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. 'Yan mintoci sun isa inji ya buga. In ta kama ka a kan gadar Kawo, sauka kawai za ka yi ka sami gefe ka kashe mota, ko da gidanka na Unguwar Dosa ne. Ka duba sandar awo. In mai ya yi ƙasa ka ƙara. In kuwa mai na nan cif amma fitilar ta ƙi mutuwa, to kuɗin janwe ya fi kuɗin sabon inji sauƙi.

Mai hoton batir ita ma ana yi mata mummunar fahimta. Da ta kama sai a nufi shagon masu batir, alhali galibi na'urar da ke yi masa caji ce ta daina aiki, ko fanbel ya tsinke. A motoci da yawa wannan bel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwa, don haka da zarar ta kama, idonka ya koma kan allurar zafi.

Zancen zafi kuwa a nan muka fi samun saɓani da bakanikena, dattijo mai hannu mai kyau da na daɗe ina kai wa mota a wajen Panteka. Ranar farko da ya buɗe Corollata ya ce, "Hajiya, bari in cire miki wannan tamostat ɗin in haɗa fanka kai tsaye, na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu." Na ce, "Baba, a bar shi yadda masu ita suka yi." Ya yi dariya ya ce to. Har yau bai yarda da ni ba, ni ma ban yarda da shi ba. Hujjata ita ce an ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi na musamman, wajen digiri 90, kuma aikin tamostat ke nan, ya kai shi can da sauri ya riƙe shi. In aka cire, kwamfuta za ta daɗe tana ganin inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa fetur, a wannan tsadar. Motar da ke zafi da dalilinta: lagireto ya toshe, fanka ta mutu, ko ruwa na yoyo. Ruwan famfo da muke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na kanti shi ke kawo tsatsar da ke toshe shi. In kuma allura ta haura ja, kada wanda ya kuskura ya buɗe murfin lagireto a lokacin; ruwan a matse yake, ya wuce tafasa, fuska yake nema.

Sai uwar gayya, fitilar inji mai ruwan lemo, wadda aka fi manne wa tef. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'urar bincike, ta fitar da lambar matsalar. Yawancin motocinmu daga can suke, kuma masu wannan na'ura sun yawaita a garin nan. Wani lokacin abin bai taka kara ya karya ba, murfin tanki ne bai rufu da kyau ba. Wani lokacin fulogi ne ko kwayil. Sau da yawa kuma an sace ko an fasa indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke ciki, an sayar. In tana kunne ɗif, kana da 'yan kwanaki ka kai ta. In tana ƙiftawa, inji na tsallake wuta, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona abin da ke ciki. A rage gudu a nemi gareji.

Babbar illar barinta a kunne ita ce fitila ɗaya ce tak ke wakiltar ɗaruruwan matsaloli. Wanda ya saba da ganinta saboda ƙaramin abu, ranar da babba ya zo ba abin da zai canza a gabansa.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi, musamman ga mai shirin sayen mota. Murɗa makulli zuwa inda allo ke kawo wuta, kada ka tayar. Duk fitilun gargaɗi za su kama tare, mota na gwada su ne. Nemi ta inji, ta birki mai rubutun ABS, da ta jakar iska mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Wadda ba ta kama ba a wannan lokacin, akwai alamar an cire ƙwanta ko an rufe ta ta ciki don a ɓoye wani abu. Dillali zai ce maka ai motar ba ta da matsala ko ɗaya, dubi allonta fes. Fes ɗin ne abin tambaya.

Akwai kuma abin da ke gaban idonmu kullum ba ma karanta shi daidai. Motar da aka yi don Amurka, manyan lambobin allon gudunta mil ne, kilomita su ne ƙananan na ciki. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ga ƙaramar motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ce a awa, wato wajen mil 62. Mutum ya ɗauki hanyar Abuja, ya ga allura a kan 80, ya ce ai a hankali yake tafiya, alhali yana dab da kilomita 130. Haka lissafin juyen mai: mil 5,000 a allon nan kilomita 8,000 ne. Irin man da injin ke so kuma yawanci yana rubuce a kan murfin da ake zuba shi, 5W-30 ko 0W-20, ba sai mai shago ya zaɓa maka mai kauri ba.

Taya ba kowace mota ce ke da fitilarta ba, sai ka duƙa da kanka. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da ta faɗi iskar da ta dace, a ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35. Mai faci in ka ƙyale shi zai ɗura 45 ko 50 ya buga tayar da hannu ya ce ta yi. Tayar da ta cika tauri tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, ranar da aka yi ruwan Agusta za ka ji birki na santsi. A gefen tayar kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Kwatano na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe. Da hunturu, a riƙa ciro matatar iskar inji ana dubawa, ƙurar Disamba ba ta da wasa.

Fitila ta ƙarshe ita ce wadda muka fi iya yi wa wayo, ta bel, mai ƙarar nan da ke damun mutane. Wasu na zagayo da bel ɗin ta bayan kujera su maƙala, su zauna a kansa, sai sun hango 'yan KASTLEA ko rodi sefti su jawo shi kan ƙirji. Jakar iska an yi ta ne ta tari mutumin da bel ya riga ya riƙe, kuma tana fitowa da ƙarfin da zai iya raunata wanda ya taho mata a sake. Ni dai a motata har na kujerar baya sai ya ɗaura kafin in saka giya, ko da surukata ce, kuma ta san da haka.