Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ganye Ɗaya a Bodh Gaya

A makon jiya na tsaya a daren da aka bugo wa abokin ɗakina a makarantarmu ta Delhi, ɗan ƙasar Siri Lanka, cewa mahaifiyarsa ta rasu. Bai samu zuwa jana'iza ba, ga jarrabawa ga rashin kuɗin jirgi. Da aka ba mu hutun hunturu sai ya ce in raka shi Bodh Gaya, wani gari a Indiya. Na yi jim, don na san wurin bautarsu ne, su mabiya addinin Buddha. Amma yaron nan shi ya riƙa tashina sahur a azumin da ya wuce, alhali shi ba ya azumi. Na ce zan je, sai dai ba zan rusuna wa komai ba. Ya ce, "Machan, ba mai sa ka. Ka dai tsaya kusa da ni." Machan a bakinsu kamar mu ce "mutumina" ne.

A jirgin ƙasa muka kwana daga Delhi zuwa Gaya, cikin jihar Bihar, sannan muka hau adaidaita sahu. A hanya ya ba ni labarin yadda suka yarda da shi. Siddhartha Gautama ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, shekara kusan 2,500 da suka wuce. Ya bar fada, ya yi shekara 6 yana horar da kansa da yunwa har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Wata 'yar ƙauye, Sujata, ta kawo masa shinkafa da madara. Ya ci, ya zauna gindin wata bishiya kusa da kogin Niranjana, ya ƙudurta ba zai tashi ba sai ya gano tushen wahalar ɗan Adam. Suka ce a nan ya gano, daga nan ake kiransa Buddha, wato wanda ya farka. Wurare huɗu suke ziyarta, da Lumbini da Sarnath da Kushinagar inda ya mutu da kuma Bodh Gaya inda ya farka, amma Bodh Gaya suke kira cibiyar ƙasa.

A bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu, dokar da aka sa tun bayan tashin bama-bamai a wurin a watan Yuli na 2013. Muka cire takalma, sanyin dutse ya ratsa tafin ƙafata. Ginin Mahabodhi, babban ɗakin bautar wurin, na tubali ne, dogo, ya haura mita 50, tun ƙarni na 5 ko na 6 yake tsaye, kodayake Sarki Ashoka ne ya fara gini a wurin tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2002. Abokina ko ɗaga kai bai yi ba, bayan ginin ya nufa, inda bishiyar take.

Mutanen Tibet ne suka fi tsayar da ni. Kowa da allon katakonsa a ƙasa, ya miƙe tsaye, ya zube rubda ciki, ya sake tashi. Akwai masu neman cika 100,000. Na ga wata tsohuwa, hannayenta sun goge katakon har yana sheƙi, goshinta ya yi kanta. Ba ta kallon kowa.

Muka zauna cikin 'yan ƙasarsu masu fararen kaya. A nan ya gaya mini abin da ya kawo shi. 'Yar Ashoka, Sanghamitta, ta kai reshen bishiyar nan birnin Anuradhapura a ƙasarsu, yana nan da ransa har yau. Mahaifiyarsa ta sha zuwa can in wata ya cika, tana kuma tara kuɗi a gwangwani don ta zo ta ga inda aka saro reshen. Kuɗin a asibiti suka ƙare. Ita wannan bishiyar ma jika ce, domin tsohuwar ta faɗi a 1876, Baturen nan Alexander Cunningham ya dasa wata daga irinta. Abokina ya san haka, bai dame shi ba. Ganye ɗaya yake so ya kai gida, kuma ba a tsinka, sai wanda ya faɗo da kansa.

Mun fi awa uku muna jira, don da sanyi ba ta cika zubar da ganye ba. Can iska ta kaɗa, ɗaya ya sauka a gefen ƙafata, mai faɗi da siririn wutsiya a ƙarshe. Na ɗauka na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, kukan da bai yi ba wata biyu ya ƙwace masa.

Ni ban haɗa Ka'aba da wani wuri a duniya ba, kuma ba zan haɗa ba. Amma Inna ce ta faɗo mini a rai, da adashen da take zubawa shekara da shekaru da niyyar Makka, da yadda take sunkuyar da kai in maƙwabta sun dawo ana rabon zamzam da dabino. Na dafa kafaɗarsa har ya natsa.

La'asar ta yi, na nemi masallaci a cikin gari, shi kuma ya zauna a waje yana gadin takalmana. Da dare na kira Inna na tambaye ta nawa ya rage mata. Ta ce, "Kai dai ka yi karatunka, ɗan nan." Na matsa har ta faɗa, na rubuta adadin a bayan tikitin jirgi.

Yadda na fara neman kuɗin nan a Delhi, da abin da ya jawo mini a makaranta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.