Takardar da ta zama sammaci

Laraba, da dare.

Yau tun ba a kaɗa ƙararrawar shiga aji ba aka ce hedimasta na nemana. Na shiga ofis na tarar da wani dattijo zaune a kan benci, ƙafafunsa duk busasshen taɓon fadama, yana riƙe da takardar da na rubuta ranar Litinin. Ta sha ninki har ta fara tsagewa a tsakiya. Mahaifin wani ɗalibina ne na aji shida, wanda rajista ta nuna kwana tara ke nan rabonsa da aji.

Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Sai ya juya ga hedimasta ya ce, "Ranka shi daɗe, mi na yi ma malamin ga, da za shi aiko man da sammaci?"

Sammaci kuwa! Ni a ganina tunatarwa na rubuta. Sai dai na cika ta da burga: na kawo dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004, na ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, na ja layi a ƙarƙashin "dole". Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ko mutumin yana karanta boko. Ajami yake karantawa, tun na makarantar allo. Don haka ya kai wa mai kemis na bakin kasuwa, shi kuma ya karanta masa da ƙarfi a gaban masu jiran magani. Kafin la'asar rabin gari ya ji wai gwamnati za ta kama shi.

Hedimasta ya ba shi haƙuri, ya raka shi har bakin ƙofa, ya dawo ya tura ƙyaure. "Malam, takarda ba ta fita daga makarantar nan ban gani ba. In magana ta kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ni za a kira, ba kai ba." Na so in kare kaina, na haɗiye. Gaskiyarsa ce, ko da yake ta yi ɗaci.

Darasin lissafi dai na yi shi ne, hankalina ba ya wurin.

Bayan la'asar na hau babur na nufi gidansu, nan bayan gari ta hanyar Argungu. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwanon sha. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Muka yi gaisuwar iyali, ta gajiya, ta amfanin gona. Na ce, "Baba, kuskure na yi, na zo da ƙafata in ba da haƙuri." Sannan na faɗa masa abin da ya kamata a ce shi ne layin farko na takardar: a ajin nan kaf babu mai saurin lissafi kamar ɗansa, shi nake sa wa ya fito allo in sauran sun cije.

Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce ai shi ma ba ya son yaron ya bar boko. Shinkafa ce ta fidda kai, jan baki kuwa sun sauko. Duk wanda ya zauna a Kebbi ya san tsuntsayen nan. Garke guda in ya sauka a gona, wahalar damina ta tafi. Da sassafe suke zuwa, sai kuma da yamma. Yaron yana fita da asuba da gwangwanayensa da majajjawa, in rana ta ɗaga ya dawo. To me ya hana shi zuwa makaranta daga nan?

"Bulalar makara, malam. In ya taho ƙarhe tara, a tare shi bakin ƙohwa a zane shi gaban ƙannenai. Shi ya sa ya ce gara ya zamna gida."

Na yi shiru. Kwana tara ina jan jar alama a rajista, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kuma da na lissafa, ba shi kaɗai ba ne. Kujerun da ke zama wayam a makonnin nan duk na 'ya'yan masu gona a fadama ne.

Bayan magariba na biya gidan hedimasta. A taron malamai na makon jiya na taɓa maganar bulala a gaban kowa, ya ɗaure fuska ya wuce zancen, don haka yau na canja salo. Na ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema." Na buɗe masa rajista ya ga sunayen da idonsa, na ba shi labarin zauren. Ya daɗe yana shafa gemu. Tsoronsa, in aka sassauta, masu duba makarantu su zo ƙarfe takwas su tarar da rabin aji, ko kuma kowane yaro ya ce shi ma daga koron tsuntsu yake. Na ce a kai maganar kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta. Mai unguwa yana ciki, ya san gonar kowa, shi zai tantance sunaye. In an daidaita, liman ya sanar bayan sallar Juma'a, kowa ya ji da kunnensa, ba sai an nemi mai kemis ba.

Ya ce bai ƙi ba, amma in rubuto masa, da kwanan wata da sa hannu, don ya samu abin nunawa a fayil. Na kusa yin dariya. Da safe takarda ta jawo mini faɗa, da dare kuma takarda ake nema a hannuna.

Ga ni yanzu ina rubuta ta da fitilar waya, an ɗauke wuta tun isha'i. Na sa sunaye bakwai, na roƙi a ɗage musu bulalar makara zuwa ƙarfe tara da rabi har a yanke shinkafa. Na karanta ta sau biyu, na soke kalmar "dole" da ta sake kutsowa a layi na uku. Baban yaron ya ce gobe zai turo shi, ni kuma na yi alkawarin tsayawa a bakin ƙofa da kaina.