Talata a ofishin ƙungiyar manoma

Bayan isha'i nake rubutu, wutar sola ta kusa ƙarewa.

Yau a ofishin ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu na wuni, nan yankin Auyo. An yi wa sakatare canjin wurin aiki zuwa Dutse tun kafin damina, shi ne shugaba ya aiko in zo in duba kwamfuta kafin rabon taki.

Abin da na tarar ya tayar min da hankali. Kowa da asusun admin yake shiga, kalmar sirri guda, an rubuta ta a bayan kalanda. Wannan asusu kuwa shi ke iya goge sunan manomi, ya canja lambar asusun banki, ya saka wanda bai taɓa riƙe fartanya ba cikin masu karɓar taki. In aka yi haka, wa za a tambaya? Duk abin da aka taɓa, sunan admin kawai zai nuna. Ga lambobin NIN da BVN na mutane a ciki, alhali tun 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya. Imel ɗin ƙungiya ma har yanzu yana kan wayar Malam, tsohon sakatare.

Da na kawo maganar, ran shugaba ya ɓaci. "Kai yaro, Malam kake zargi? Mutumin da ya riƙe mana amana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban zarge shi ba. In wayarsa ta faɗi a kasuwar Haɗeja fa? Ko wani ya kira shi ya ce daga banki yake?" Na ba shi labarin kamfanin Colonial Pipeline na Amurka: a 2021 ɓarayin intanet suka shiga ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, har bututun mai ya tsaya kwanaki. Ya yi shiru, can ya ce, "To, yi abin da ya dace."

Bayan azahar na buɗe wa kowa nasa asusun, iya abin da aikinsa ke buƙata. Admin ya koma hannun shugaba da ma'aji kaɗai, sai lamba ta shigo waya kafin a shiga. Sabis ya ba mu wahala, sai da muka fita bakin titi saƙon ya shigo.

Mai shigar da sunaye bai ji daɗi ba, ya ce an rage masa matsayi. Na zauna da shi har la'asar ina lallashi. Gobe shugaba zai kira Malam da kansa kan maganar imel, ya ce bai kamata ya ji daga bakina ba.