Rumbu na nan daram, kaya sun kasa fita

Lokacin da muka yanke shawarar kai kasuwancinmu na fitilun sola ƙasar Filifin, ba da ka muka shiga ba. Mun san mahaukaciyar guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar duk shekara, mun kuma san ɓarnar guguwar Haiyan ta ranar 8 ga Nuwamba 2013, wadda ta daidaita birnin Takloban, ta halaka sama da mutum 6,000. Tsakani da Allah, abin da ya ja mu ke nan: inda wuta ke yawan ɗaukewa, mai fitila ba ya rasa ciniki.

Abokin kasuwancina ya so mu raba kaya kashi uku a tsibirai daban-daban. Na ƙi. Haya uku da masu gadi uku sun yi mini yawa a lissafi. Muka kama rumbu ɗaya na kankare a tsibirin Sebu, nesa da bakin teku, muka yi masa inshora, na kaɗe hannu.

Ranar 16 ga Disamba 2021, lokacin da nake ganin damina ta wuce lafiya, guguwar Rai ta sauka. Mutanen can Odette suke ce mata. Rumbu ko ƙwarzane bai yi ba. Kwalaye na jere har rufi, a bushe, amma turakun wuta da itatuwa sun toshe hanya, jiragen fito sun tsaya, ga dogon layi a gidajen mai, ga ba sabis. A rana ta uku wani dillalinmu ya iso a babur, ya zaro jiƙaƙƙiyar takarda daga aljihu, sunayen masu neman fitila ne, tawada duk ta zube. Manajanmu ya riƙe takardar yana juya ta, don ni na kafa dokar cewa kaya ba sa fita bashi sai da izinina, ni kuwa ba a samuna a waya. Wannan dokar har yau tana ba ni kunya.

Kamfanin inshora bai ɓata mana lokaci ba: babu abin da ya lalace, babu abin biya. Ashe gini na kare, na manta da hanyar da ke kaiwa gare shi. Ga kuma bashin da ke hannun ƙananan 'yan kasuwa a tsibirin Bohol, inda guguwar ta yi ɓarna. Wanda iska ta kwashe masa rufi, da wane baki za ka tambaye shi kuɗin fitila? Muka yafe da yawa, saura muka jinkirta.

Yanzu ƙananan rumbuna uku gare mu, kowanne a tsibirinsa, muna cika su kafin Yuni, wato kafin damina, tunda an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowanne na da tsabar peso, kuɗin ƙasar, a ajiye, don ranar da ATM ya mutu, direba takardar kuɗi yake karɓa. Manaja kuma yana da izini a rubuce: in sabis ya ɗauke, ya fitar da kaya ba tare da ya neme ni ba. Hayar ukun har yanzu tana ƙona mini rai duk ƙarshen wata, abokin nawa kuwa sai ya miƙo mini rasit ɗin yana murmushi.